Tudun Rutherford da na saya wa aji na: wajen nuna hanyar alfa ya yi, wajen ƙirga kuma sai malam ya tashi tsaye

Abu uku ne kacal a cikin kwalin: tudun alminiyam guda ɗaya mai siffar malafa, faɗi a ƙasa tsini a sama, sai 'yar gangara da ake sakin ƙwallo daga kanta, sai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a cikin leda. Shikenan. Babu batir, babu waya, babu abin jonawa da wuta, wanda a wajenmu wannan kaɗai ma abin yabo ne. Ana sayar da shi ne a matsayin kayan nuna wa ɗalibai gwajin nan na Rutherford, wanda aka harba ƙwayoyin alfa a kan siririn zinare aka gano cewa atam yana da cibiya, wato nukiliyos. Duk malamin fiziks ko kemistiri na babbar sakandare ya san wajen, yana cikin silabus, WAEC da NECO da JAMB duk suna taɓa shi, kuma yawanci zane kawai muke yi a allo mu ja layuka uku huɗu mu ce wannan ya wuce, wannan ya karkace, wannan ya dawo, yara su kwafa su haddace. Na yi amfani da kayan a aji na tsawon lokaci yanzu, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne wanda ya ƙirƙiro tudun nan ya san fiziks sosai, amma in ka ajiye shi a gaban yara yadda ya zo a kwali to akwai yiwuwar su tashi da akasin abin da Rutherford ya gano.

A wani shagon kayan lab na same shi a nan Kano, ba zan faɗi suna ba. Ina nemansa da bayani, yaron shagon ya yi ta kallona, daga baya ya hau tsani ya sauko da kwalin duk ƙura ya ce "Malam ko wannan mazurarin kake nufi?" Shi a zatonsa mazurari ne da aka manta ba a huda shi ba. Maigidan nasa ya fi shi sani kaɗan, ya ce mini "Malam wannan fa ya daɗe a nan, makarantu bika da silinda suke tambaya", na ce to Alhaji a buɗe mini in gani kafin a yi maganar kuɗi, bai yi musu ba ya buɗe, har ya share mini saman kanta na gwada ƙwallon a nan take. Wannan na yaba musu. Abin da ban yaba ba shi ne takardar bayanin da ke ciki, rabin shafi ce da Turancin da ba ya ganuwa, ba ta faɗi me ya sa tudun yake da wannan siffar ba, ba ta faɗi yadda za ka auna komai ba, kuma farashin gaskiya ya yi yawa ga abu uku marasa inji, an rage mini amma ba wani ragin kirki ba.

To kafin in faɗi inda kayan ya yi da inda ya gaza dole mu tuna ainihin abin da aka yi, don da shi za a auna. A 1897 J.J. Thomson ya gano elektiron a Cambridge ta Ingila, a 1904 kuma ya kawo nasa hoton na atam: cajin fozitif a baje yake ko'ina cikin atam ɗin, elektiron suna tsattsarke a ciki. Ba wauta ba ce fa, a lokacin babu wata hujja da ta ƙaryata shi. Ernest Rutherford, ɗan New Zealand, ya taɓa aiki a ƙarƙashin Thomson ɗin, ya tafi jami'ar McGill a Kanada a 1898, ya dawo Ingila, jami'ar Manchester, a 1907, a 1908 aka ba shi kyautar Nobel, kuma ta kemistiri ce ba ta fiziks ba, kuma tun kafin maganar nukiliyos ne, yara da yawa suna ɗauka don gwajin zinaren aka ba shi, a'a, don aikinsa ne a kan rugujewar sinadarai masu fitar da tururin rediyeshan. A Manchester ɗin ne shi da Thomas Royds suka tabbatar cewa ƙwayar alfa hiliyam ce da ta rasa elektiron ɗinta, cajinta fozitif biyu, nauyinta ya ninka na elektiron sau wajen 7,300, kuma tana fitowa da gudun da ya kai kusan kilomita 19,000 a sakan ɗaya in daga irin tushen da suka fi amfani da shi ne. Abu mai wannan nauyin da wannan gudun, elektiron ba zai iya kauce da shi ba, cajin da aka baje a faɗin atam ma ba zai iya ba sai ɗan kaɗan, kuma abin da Hans Geiger, mataimakin Rutherford, ya fara aunawa ke nan, yawancinsu karkacewar ba ta kai digiri ɗaya ba bayan sun ratsa zinaren.

Sai 1909. Geiger Bajamushe ne, tare da shi akwai Ernest Marsden, ɗalibi ne ɗan shekara 20 ko digirin farko bai gama ba, aka ce ya duba ko akwai alfa da ke dawowa baya daga jikin ƙarfe. Tsarin da suka yi mai sauƙi ne: tushen alfa a gefe guda, allon zink salfaid a gefe guda, a tsakaninsu farantin dalma don kada alfa ta je allon kai tsaye, sai a kawo ƙarfen da za a gwada a ajiye a inda in har wani abu ya dawo zai faɗa kan allon. Duk alfa ɗaya da ta bugi allon sai ta ba da ɗan ƙyalli, mutum yana zaune a ɗaki mai duhu ido a kan maikuroskof yana ƙirga ƙyallin ɗaya bayan ɗaya, sai ma ya zauna cikin duhun tukuna idonsa ya saba. Da suka ajiye ƙarfen sai ga ƙyalli. Sun gwada zinare da dalma da filatinam da azurfa da alminiyam da wasunsu, masu nauyin atam sun fi dawo da alfa nesa ba kusa ba, kuma a kan filatinam suka samu cewa wajen ɗaya cikin 8,000 ce take dawowa. Shi Rutherford a takardarsa ta 1911 ya ambaci ɗaya cikin 20,000 ga zinare mai kaurin santimita 0.00004, wato ko da siririn nan nasa layin atam sama da dubu ne a jere. Shekaru da yawa bayan haka ya kwatanta mamakinsa da cewa kamar ka harba harsashin igwa mai inci 15 ne a kan takarda marar kauri ya dawo ya buge ka.

Ya ɗau kusan shekara biyu yana juya abin kafin ya fito da amsa a 1911, ya fara gabatarwa a Manchester a watan Maris, cikakkiyar takardar ta fito a Mayu. Amsar ita ce karo ɗaya ne tak yake juyo da alfa, ba tarin ƙananan karo ba, kuma don karo ɗaya ya iya haka dole cajin da kusan dukkan nauyin atam su dunƙule a wuri ɗan mitsitsi. Bai tsaya a baki ba, ya ba da fomula da za a iya ƙaryatawa: yawan alfa da za a gani a kowace kusurwa yana tafiya ne da ɗaya bisa sin na rabin kusurwar a ninka shi da kansa sau huɗu. In ka buga a kalkuleta, a digiri 180 za ka samu 1, a digiri 90 ka samu 4, a digiri 30 ya haura 220, a digiri 15 ya haura 3,400. Geiger da Marsden suka koma cikin duhu, wannan karon da akwatin da aka zuƙe iskar cikinsa don alfa santimita kaɗan take yi a iska ta tsaya, maikuroskof ɗin da allon suna zagaya zinaren, suka auna daga digiri 5 har 150, suka ƙirga ƙyalli sama da 100,000 da ido, suka buga sakamakon a 1913 kuma ya dace da fomular. Ku lura da kyau, babu wanda ya ga nukiliyos, babu wanda ya ga hanyar alfa ɗaya ma a wannan gwajin. Ƙirga aka yi.

Yanzu tudun. Dabarar da ke cikinsa wallahi ta burge ni, kuma ita ce takardar bayanin ta kasa faɗa. Turewar da ke tsakanin alfa da nukiliyos, kuzarin da ke ajiye a cikinta yana tafiya ne da ɗaya bisa nisa, in nisan ya ragu da rabi kuzarin ya ninka biyu. Shi kuma ƙwallon da ke hawa tudu, kuzarin da yake tarawa yana tafiya da tsayin da ya hau. Sai aka ƙera tudun yadda tsayinsa a kowane wuri zai zama ɗaya bisa nisan wurin daga tsakiya, shi ya sa yake kwance a baki sannan ya miƙe tsaye a kusa da tsini. Ke nan nauyin ƙwallon ne yake yin aikin cajin lantarki. Na sa rula na gwada a wurare kaɗan, inda nisan ya ninka tsayin yana kusa da rabi, ba daidai cif ba amma ba laifi, wanda ya ƙera ba kawai ya lanƙwasa ƙarfe ba ne.

Kuma in ka saki ƙwallon abin gwanin kallo ne. Ka saita gangarar ta nufi gefe can, ƙwallon ya wuce kamar bai ga komai ba sai ɗan lanƙwasa. Ka matso da ita kusa da layin tsakiya, sai ya hau kaɗan ya karkata sosai. Ka saita ta tsakiya cak, ya hau yana rage gudu, ya tsaya na ɗan ƙiftawar ido, ya gangaro ya dawo ta inda ya fito, kuma nan ne aji yake yin ihu kullum. Abin da na fi so shi ne yaro yana gani da idonsa cewa ƙwallon bai taɓa tsinin ba ya juyo, don da yawansu suna ɗauka alfa gware take yi da nukiliyos, alhali turewa ce daga nesa, alfa mafi ƙarfi a waɗancan gwaje-gwajen tana tsayawa ne a wajen mita 3 bisa 10 da aka ninka da kanta sau goma sha huɗu daga tsakiyar zinaren, shi kuma nukiliyos ɗin zinare bai kai kwatan wannan ba, don haka abin da Rutherford ya iya cewa shi ne girmansa bai wuce kaza ba, bai auna ainihin girman ba. Wannan bambancin na sha wahalar fahimtar da shi da alli, da tudun kuwa cikin minti kaɗan ya shiga. Haka in ka saki ƙwallon daga saman gangara ya fi gudu, ya fi kusantar tsini, karkacewarsa ta ragu, in daga rabin gangara ne sai ya juya tun daga nesa, wannan ma ya dace da abin da Geiger da Marsden suka samu da suka rage wa alfa gudu.

Ƙananan matsalolin kayan akwai su. Bakin tudun yana da ɗan tudu-tudu inda ya haɗu da tebur, dole ma hakan ta faru tunda ɗaya bisa nisa ba ya taɓa zama sifili, amma nawa bakin bai kwanta sosai a gefe guda ba, ƙwallon in ya zo a hankali sai ya yi tsalle ko ya ƙi hawa, sai da na bi bakin da salatif. Gangarar ba ta da sikeli, alhali nisan da ka kauce daga layin tsakiya shi ne komai a wannan gwajin, dole ka shimfiɗa farar takarda ka ja layuka da kanka. Tebur kuma in bai daidaita ba ka ɓata lokacinka, ƙwallon zai riƙa karkata gefe ɗaya yara su ɗauka fiziks ne, ni sai da na aro ma'aunin nan na magina mai ruwa a ciki na yi ta cusa takarda a ƙarƙashin ƙafafun tebur. Ƙwallayen da aka bayar ba su da yawa kuma ɓacewa suke yi, amma wannan ba damuwa ba ce, 'ya'yan boris a wajen bakanike ko mai gyaran babur sun wadatar, ka dai nemi masu girma ɗaya. Don ganin hanyar da ƙwallon ya bi, takardar kabon a kan farar takarda tana aiki in ƙwallon yana da nauyi, in ba haka ba ka barbaɗa hoda kaɗan. Sannan ƙwallo birgima yake yi, kashi biyu cikin bakwai na kuzarinsa yana cikin juyawar ne, ga gogayya da tebur, don haka kada wani ya yi tsammanin kusurwar za ta fito daidai da lissafi.

Duk waɗannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce ma'auni, kuma ita ce ta sa na ce kayan zai iya koyar da akasi. Tudun ya cika rabin tebur, gangarar tana gabansa, duk yaron da aka ba ƙwallo tsakiya yake nufa don ya ga ya dawo, to a ƙarshen darasi abin da ido ya gani shi ne yawancin ƙwallaye suna karkacewa sosai, da yawa suna dawowa. Na taɓa tambayar aji bayan nunin farko cewa cikin alfa ɗari guda nawa ne suke dawowa, amsoshin da na samu daga talatin ne zuwa rabi. Ɗaya cikin 8,000 fa ake magana! Mu yi lissafin da ma'aunin tudun: a ce ƙwallon da ya nufi tsakiya yana juyowa a santimita 3 daga tsini, tazarar da ke tsakanin atam ɗin zinare da na kusa da shi ta ninka wancan nisan sau wajen 10,000, ke nan tudu na gaba yana can mita 300 daga wannan, kuma don ƙwallo ya juya fiye da digiri 90 sai ya faɗo cikin santimita ɗaya da rabi daga layin tsakiya, a cikin filin mita 300, kuma ba saitawa kake yi ba, watsa su kake yi ido a rufe. Wannan shi ne ainihin abin da aka gano, cewa atam kusan duk fili ne, kuma tudun ba ya nuna shi ko kaɗan. Ba laifin maƙerin ba ne, babu teburin da zai ɗauki mita 300, amma layi ɗaya a takardar bayani da ya isa ya ja kunnen malami.

Akwai kuma wani abu ga masu son su yi ƙirga da shi su gwada fomular: ba za ta fito ba, ko da tebur ya daidaita, ko da babu gogayya. Ƙwallon a kan shimfiɗa yake tafiya, hagu da dama kawai, alfa kuma tana da sama da ƙasa ma, don haka a kan tebur sin ɗin sau biyu zai ninku ba sau huɗu ba. Na faɗi wannan ne don na san akwai malamin da zai ba 'yan aji uku aikin su zana jadawali su tabbatar da fomular Rutherford da tudun, yara su yi ta ƙirƙirar lambobi don su faranta masa. Wani ƙarin abu, tudun ya riga ya yanke hukunci cewa nukiliyos turewa yake yi, alhali a 1911 Rutherford ya bar maganar a buɗe, don fomular ɗaya take fitowa ko cajin tsakiyar fozitif ne ko negatif, daga baya ne aka tsayar. Wannan ba na jarrabawa ba ne, amma yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana jin daɗinsa.

Abin da ya gyara mini darasin kwali ne kawai. Na samu babban kwali mai faɗi na ɗora shi a kan gwangwanaye huɗu yadda zai rufe tudun gaba ɗaya amma ƙwallo zai iya shiga ta ƙasa ya fita, na shirya kafin yara su shigo don kada su ga abin da ke ciki. Na ja layuka a jere da tazara iri ɗaya daga wannan bakin teburin zuwa wancan, na ce kowa layinsa zai bi, babu zaɓe, wasu kuma suka zagaye tebur da alli suna sa alama a inda ƙwallo ya fito. Na farko-farkon suka wuce salin alin, har an fara cewa Malam babu komai a ciki, sai na kusa da tsakiya suka fara fitowa a karkace, sai wata yarinya da layinta ya faɗa tsakiya ta saki nata, ya shige, aka yi shiru ana jira ta wancan gefen, sai ga shi ya fito ta wajen hannunta. Ta ce "Malam akwai abu a ciki, kuma ba babba ba ne, da babba ne da na gefe ma sun dawo." Daga nan musu ya kaure a kan ko abin zagayayye ne ko mai kusurwa, wani ya ce a canza gefen da ake harbowa a gani, aka canza, sakamakon bai canza ba, suka yarda zagayayye ne. Ban ɗaga kwalin ba sai ƙarshen darasi. A ganina da maƙerin ya haɗa da murfi a cikin kwalin da kayan ya ninka daraja, don tudu a buɗe amsa ce aka ba yaro kafin tambaya.

Dole in ambaci PhET tunda kyauta ne kuma duk mai tunanin sayen tudun zai tambaya ko ya isa. Shiri ne na jami'ar Colorado Boulder a Amurka, Carl Wieman ne ya kafa shi a 2002, shi ma mai Nobel ne a fiziks, kuma suna da kwaikwayon wannan gwajin da ake buɗewa a waya ko kwamfuta, ana ma iya sauke shi a yi amfani da shi babu data. Yana yin abubuwa biyu da tudun ba zai iya ba: akwai shafin atam ɗin Thomson da za ka ga alfa tana ratsawa kusan a miƙe, sai ka juya na Rutherford ka kwatanta, sannan kana iya canza yawan furoton, yana farawa da na zinare, 79 da niyutiron 118, ka rage furoton ka ga karkacewar ta ragu, wanda shi ne dalilin da ya sa zinare ya fi alminiyam dawo da alfa. Da tudu ɗaya ba ka da wannan sai dai ka sayi wani mai tsayi daban. Ni dai yanzu haɗa su nake yi, kwali da tudu tukuna, sannan waya. In makaranta ba ta da kuɗi, PhET da malamin da ya san labarin sun wadatar don jarrabawa. Amma na lura abin da yara suka gani a waya suna ɗaukarsa kamar katun, abin da wani ya zana, ƙwallon da ya dawo ya taɓa hannunsu kuwa ba sa musu da shi.

Wani zai ce me zai hana a yi gwajin na gaske. Ana sayar da irinsa ga jami'o'i, da famfon zuƙe iska da na'urar ƙirga, amma yana buƙatar tushen alfa, kuma a Najeriya wannan ba abin shiga kasuwa ka saya ba ne, sai da lasisin hukumar NNRA mai sa ido a kan harkar nukiliya, kuma haka ya kamata. Don Allah kada wani ya ce zai fasa na'urar gano hayaƙi ya ciro amerisiyam ɗin ciki ya kawo aji.

Abin da yake sa nake ba wannan darasin lokaci fiye da yadda silabus ya ba shi shi ne dabarar ba ta tsaya a 1911 ba, harba abu ka duba yadda ya watse ita ce hanyar da aka bi har ƙasa. Niels Bohr ya zo Manchester a 1912, a 1913 ya ɗora nasa tsarin na elektiron a kan nukiliyos ɗin Rutherford. Rutherford ya harba alfa a kan naitirojin ya ga nukiliyos ɗin haidurojin yana fitowa, ya buga a 1919, furoton ke nan. James Chadwick a 1932 ya gano niyutiron ta hanyar duba yadda wani abu marar caji da ke fita daga beriliyam yake fizgo furoton daga kakin farafin. Robert Hofstadter a Stanford cikin shekarun 1950 ya yi amfani da elektiron masu ƙarfi ya auna ainihin girman nukiliyos da na furoton, a ƙarshen shekarun 1960 kuma a SLAC, injin harba elektiron na Stanford mai tsawon kilomita 3 da ɗoriya, aka ga elektiron suna watsewa a manyan kusurwoyi fiye da zato daga cikin furoton, alamar akwai ƙananan abubuwa dunƙulallu a ciki, su ne kwak, Friedman da Kendall da Taylor suka samu Nobel a 1990 a kan haka. Har kumbon Surveyor 5 da ya sauka a wata a 1967 da na'urar watsa alfa ya gano sinadaran ƙasar wurin. A nan gida ma cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife tana da injin harba ƙwayoyi da ake binciken kayayyaki da irin wannan dabarar. Yaron da ya yi musu a kan abin da ke ƙarƙashin kwali zai fahimci duk waɗannan in an ba shi labari, don tambaya ɗaya ce.

Ga mai niyyar saya, kada ka karɓa a rufe. A buɗe maka, ka ajiye tudun a kan gilashi ko kanta mai santsi ka danna bakinsa ta kowane gefe, in yana rawa ka nemi wani, don alminiyam ɗin siriri ne kuma yana lanƙwasa a hanya. Ka shafa jikinsa ka ji ko akwai lotsawa, ƙaramar lotsawa ɗaya a kusa da tsini ta isa ta riƙa jefa ƙwallo gefe. Ka duba ƙarshen gangarar ya sauka daidai da tebur ba tare da mataki ba, in ƙwallo yana tsalle a wajen fita to hanyarsa ba za ta maimaitu ba. Guda ɗaya ya ishi makaranta, ba kayan kowane rukuni ba ne, kuma kada ka yar da kwalin da ya zo a ciki, in ka yanke shi ya buɗe yana iya zama murfin, nawa dai ya ɗan gaza faɗi sai da na ƙara da wani.